Ƙasan Buhun Kawu

Litinin, 3 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Na iso aiki taɓo har idon sawu. Baba mai gadi ya buɗe min ƙofa yana dariya, wai yau likitar itace ta sha duka. Shi kaɗai ke ce min haka. Na sha gaya masa ni ba likita ba ce, aikina in duba saiwa da ɓawo da ganyen da ake kawo wa kamfani kafin a niƙa a yi magani, in manna koriyar takarda ko ja, shi ke nan. Ya ce to mai cewa wannan ya shiga, wancan a jefar, in ba likita ba ne mene ne?

Ganye buhu tara na mayar yau. A bakin buhu kamar ka ɗiba ka ci. Da na sa aka zazzage a kan babban tebur sai ga tsakiya ya yi fumfuna, wari kamar ɗakin da aka shekara ba a buɗe ba. Mai kayan ya rantse, ya sake rantsewa. Na ce ya sunkuya ya shinshina da kansa. Ya tafi yana ja min Allah ya isa. Da Allah ya isa tana busar da mutum, da tuni na fi kayan da ake kawo min bushewa.

Dokar tana manne a bango sama da tebur, ni na rubuta ta da hannuna: kowane buhu a zazzage, a ɗiba sama, tsakiya da ƙasa, a cakuɗa, rabi a gwada, rabi a rufe a kwalba a ajiye. Masu kawo kaya sun tsane ni a kanta. Ban damu ba, ba aurensu zan yi ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Kawu ya zo da kansa. Shekara shida yana aiko da farar saiwa a mota, direba ya sauke ya tafi, bai taɓa biyo kayan ba sai yau. Ina cikin wanke hannu na ji muryarsa a fili: "Ina Uwata?" Gabana ya faɗi, don murna ne ina tsammani. Ya sa rigarsa ta fita. Ya rame, ga sanda a hannu. Ban san ya fara riƙe sanda ba.

Buhu goma sha biyu. Mai sito ya ba shi benci ya zauna daf da tebur, 'yan dako suka kewaye shi, ya hau ba su labari. Wai wannan da kuke gani da farar riga da safar hannu, tun tana shekara bakwai nake shiga daji da ita, in rufe mata ido in miƙa mata saiwa, ta faɗi sunanta da hanci kawai. Gaskiya ne. Kuma shi ya tsaya kai da fata na yi karatu bayan rasuwar mahaifina, lokacin da Mama ta riga ta nema min wurin koyon ɗinki.

Aka ɗora buhun farko. Mai sito ya kama gindin buhun ya ce, "A zazzage?" Kawu ya dube ni yana murmushi. Sai na ji bakina ya ce, "Bari. Kwance bakin kawai."

Hannu ɗaya-ɗaya na ɗiba daga bakin kowane buhu. Saiwa mai kyau, ta bushe ƙayau, in ka karya sai ka ga zoben nan rawaya a tsakiya. Mai sito ya kalle ni, ya kalli takardar bango, ya hau ɗaure bakin buhunan. Shi ma yana da kawu.

Mutumin da ya shekara arba'in yana tono, yayan uwata, ni zan zazzage masa kaya a gaban 'yan dako kamar wanda aka kama da sata? A takardar karɓa na yi alama a gida uku, sama, tsakiya, ƙasa. Na rubuta a nan ne kawai don in na rubuta abu yakan fita daga kaina.

Juma'a, 7 ga Yuni

Gwajin kayan Kawu ya fito tas. Danshi daidai, ba yashi, a madubin ƙara girma komai nata ne. Na ɗiga ruwanta a farantin gilashi na sa ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ɗigo huɗu suka fito a jere, yadda farar saiwa take yi kullum. Koriyar takarda. Lamba 41. Kwalbar ajiya na kan kanta ta uku.

Mama ta ce Kawu ya yi ta yabona a waya har kunnenta ya yi zafi.

Laraba, 19 ga Yuni

An niƙa 41 tun makon jiya, yau aka gama zubawa a ƙananan ledoji. Shayin ciwon gaɓoɓi, shi ke riƙe da kamfanin nan kaf. Injin ya yi halinsa, ledoji wajen ɗari ba su kai nauyi ba. Irin waɗannan ba a sayarwa, ma'aikata ake raba wa. Na tuna Baba mai gadi ya ce matarsa ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango, sai na cika jaka guda na kai masa har ƙofa. Ya yi ta sa min albarka, har da addu'ar miji na gari. Na ce Baba bar wannan, roƙa min injin da ba ya lalacewa.

Juma'a, 28 ga Yuni

Rufin ɗakin Mama na yoyo, bokiti biyu muka tara. Kafinta ya ce gobe. Goben kafinta ba ta cikin kalanda.

Litinin, 8 ga Yuli

Baba ya ce gwiwar matarsa ta yi sauƙi, har wanki ta yi jiya. Sai dai ƙafa ta kumbura, fuska ma da safe. Na ce ta rage gishiri. Ni da nake cewa ba likita ba ce.

Litinin, 15 ga Yuli

Manaja ya kira ni ofis ya ce in rufe ƙofa. Wani likita ya bugo daga babban asibiti: mutum uku a kwance, ƙodarsu ta tsaya. Ba su san juna ba, ba unguwarsu ɗaya ba. Abu guda ya haɗa su, shayinmu. Ɗaya daga ciki ta zo da ledar a jakarta. Lamba 41.

Manaja in ya tsorata sai ya hau jera biro a kan tebur. Ya jera, ya wargaza, ya sake jerawa. Ya ce, "Kina da kwalbar ajiya?" Na ce tana nan. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Gobe ki gwada ta a gabana."

Na fito na shiga banɗaki na buɗe famfo na tsaya.

Talata, 16 ga Yuli

Na gwada kwalbar a gabansa. Tas, mana. Ɗigo huɗu. Me kuma za ta nuna, tunda bakin buhu ne a cikinta, wanda na ɗiba da hannuna?

Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya ce jabu ne. Ai an sha buga irin ledarmu a kasuwa, a cika ta da garin da Allah kaɗai ya san asalinsa. Ya sa na rubuta rahoto, na sa hannu, ya aika wa likitan. Har ya yi min wasa: "Kin gani? Muna ta ƙorafin tsananin nan naki, yau ga ranarsa." Na yi dariya. Ban san daga ina ta fito ba.

Ƙila jabun ne. Ana yi. Na faɗa wa kaina haka a mota, na faɗa a bakin ƙofa, na faɗa ina wanke kwanuka.

Laraba, 17 ga Yuli

Ban tambayi Baba jikin matarsa ba yau. Na wuce da sauri kamar na makara.

Alhamis, 18 ga Yuli

An kwantar da ita jiya da yamma. Kwana biyu ba fitsari. Baba ya zo aiki duk da haka, wai in ya zauna a can me zai ƙara mata. Na ce ko akwai sauran shayin nan? Ya ce ga biyu ma a aljihunsa, yakan jiƙa in sanyi ya kama shi. Na karɓe. Na ce kada kowa ya ƙara sha a gidan. Ya ce, "Lafiya, likita?" Na ce damina ce, ina jin danshi ya shige su.

Na jira kowa ya tafi cin abincin rana, na gwada su. Farantin ya fito da ɗigo huɗu, da na biyar a ƙasansu, baƙi-baƙi, wanda ban taɓa gani a farar saiwa ba. Na sake. Na kuma sakewa. Wannan ledar ba daga kasuwa ta fito ba, daga hannuna ta fito.

Na je sito na nemo tsofaffin buhunan Kawu, suna ninke a lungu. Na juya su ciki waje na kakkaɓe kusurwoyin. Guntaye suka zubo. Na karya ɗaya, ba zobe. Cikinta toka-toka, ga wani wari mai ɗaci da ya kama min maƙogwaro. Ba sai na kai madubi ba. Maƙwabciya ce. Haka masu tono ke ce mata, don kusa da farar saiwa take fitowa, kuma in an daddatsa an busar, kamar ciki ɗaya suka fito. Kawu ne ya fara nuna min ita, ya ce ko akuya ba ta ci.

Mai sito na tsaye a ƙofa. Ya ce, "Ni dai ban ga komai ba." Ban sani ba ko taimako yake nufi.

Asabar, 20 ga Yuli

Na je wurin Kawu, awa uku a mota. Na same shi a inuwar ƙofar gida. Daginsa na tono na jingine a bango, bakinsa duk tsatsa. Dagin da ake shiga daji da shi ba ya tsatsa.

Na gaishe shi, na sha ruwa, na tambayi jiki. Sannan na zuba masa guntayen a tafin hannu. Ya kai su kusa da ido, kusa sosai, har suna taɓa gira. Bai gane ba. Sai da ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta zube.

A gutsure ya yi maganar, ga abin da na tsinta. Tun bara gwiwa ta hana shi nisa, ido kuma ya yi hazo. Abin da ya iya tonowa a bayan gari bai cika buhu biyu ba. Ya ji tsoron in ya ce ba zai iya ba a cire sunansa, a ce tsoho ya ƙare. Sai ya sayi sauran a kasuwa wurin wasu masu tono da bai sani ba, a daddatse, a bushe. Nasa ya rarraba ya zuba a bakin kowane buhu.

"Na san ba ta kai tawa kyau ba. Amma wallahi, Uwata, ban san da maƙwabciya a ciki ba."

Wannan na yarda. Na ce, "Kawu, me ya sa ka biyo kayan ranar?"

Ya ce, "Marmarin ganinki na yi."

Yana kallon ƙasa ya faɗa. Shekara shida bai yi marmari ba sai ranar. Ya san ni tun ina cikin tsumma, ya san abin da zan iya yi a gabansa da abin da ba zan iya ba. Ya sa rigar fita ya zo ya zauna a benci. Ni kuma na yi abin da ya zo in yi.

Na gaya masa mutum huɗu ne a asibiti. Ya yi ta salati. Da na miƙe ya ce, "Ki rufa min asiri, na tsufa." Haushi ya cika ni har na kasa kuka, nasa da nawa, ban san wanne ya fi ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Kawu ya riga ni, ya bugo wa Mama. Tun da safe ta zaunar da ni.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Kwalbarku ta ce lafiya, manajanku ya ce lafiya, ke wace ce?"

Na ce Mama, mutane ne a kwance, kuma sauran yana shaguna ana saye. Ta ce ciwo da mutuwa na Allah ne, abin kunya kuwa in ya faɗo, a kanmu zai faɗo. Ta ce ba don shi ba da yanzu ina kan keken ɗinki. Ba ta yi ƙarya ba.

Mama ba muguwa ba ce. Ta yi kuka don matar Baba da ba ta taɓa gani ba, kuka na gaske. Sannan ta share hawaye ta ce in yi shiru.

Litinin, 22 ga Yuli

Na je da niyyar faɗa. Aka ce Manaja ya fita taro, sai gobe. Na ji daɗi. Allah ya yafe min, daɗi na ji.

Talata, 23 ga Yuli

Yana ofis wuni guda. Sau biyu na je har bakin ƙofarsa na dawo.

Da rana aka loda katan arba'in na 41 zuwa shaguna. Ta taga na kalla. Baba ne ya buɗe wa motar ƙofa, ya ɗaga wa direba hannu. Na ce gobe. Na zama kafinta.

Laraba, 24 ga Yuli

Na je asibiti bayan an tashi. An haɗa matar Baba da injin wankin ƙoda, jini na fita ta wani siririn bututu yana komawa ta wani. Ban taɓa ganinta ba sai yau. Da alama 'yar ƙaramar mace ce kafin kumburin. Baba ya ce, "Ga likitar itacen da nake ba ki labari." Ta miƙo hannu ta riƙe nawa, hannun sanyi ƙalau.

"Allah ya saka, 'yar nan. Maganinki ya yi min, gwiwar ta daina. Wannan kuma wani abu ne daban ya zo."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Abin da na ce ke nan.

A gadon kusa wata budurwa na shafa wa uwarta ƙafa, ita ma a kumbure. Ban tambayi me ya kawo su ba.

Alhamis, 25 ga Yuli

Na faɗa.

Na ajiye wa Manaja faranti biyu a tebur, da guntayen, da takardar ranar 5 ga Yuni mai alama uku. Na ce biyu daga cikin alamomin nan ƙarya ne. Ya hau jera biro. Ya ce wa ya sani? Na ce ni, da Mai sito, da mai kayan. Ya ce to a tsayar da abin da ya rage a sito a hankali, a ce danshi ne. Na shaguna kuma zai ƙare da kansa, ba sai an tara wa kai duniya ba. Mutum sittin ke cin abinci a nan, in aka rufe fa?

Na ce zai ƙare da kansa a cikin wa?

Ya ce in san da wa nake magana. Na ce na sani, ranka ya daɗe, kuma na riga na kai wa hukumar kula da magunguna komai da safe kafin in shigo. Dole na fara da can. Na san kaina, da nan na fara da ya lallashe ni, da na ce to.

Ya ce, "Kin kashe kanki." Bai ɗaga murya ba.

Ana cewa in mutum ya faɗi gaskiya sai ya ji an sauke masa kaya. Ni ban ji an sauke komai ba.

Juma'a, 26 ga Yuli

Mutanen hukuma sun zo su huɗu, shugabarsu mace ce mai tabarau. An garƙame sito, an kwashe kwalabena. Da yamma rediyo ta sanar: duk mai leda mai lamba 41 kada ya sha, ya mayar.

Ta tambaye ni me ya hana ni zazzagewa. Na ce kawuna ne. Ta cire tabarau ta goge ta ce, "Ba ke ce ta farko ba." Sannan ta ce yaushe na tabbatar. Na ce ranar 18. Ta dubi kalandar bango, ta dube ni, ta rubuta. Gara da ta yi magana.

Alhamis, 1 ga Agusta

An dakatar da ni. Na miƙa farar riga da makulli. An je wurin Kawu da mota an ɗauki bayani, an cire sunansa, unguwa duk ta gani. Masu tonon kasuwa ko ƙyallinsu.

Mama tana ajiye min abinci a bakin ƙofa. Ba ta magana.

Litinin, 5 ga Agusta

Na je ƙofar kamfani, ba don aiki ba. Baba ya ce ai ya ji a rediyo, tsautsayi ne, kada in sa a rai. Na ce ba wannan na zo faɗa ba. Na gaya masa buhu, da benci, da alama uku, da kwana bakwai da na yi da abin a bakina. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa na kan sakata.

Ya ce, "Ranar da kika zo asibiti ta riƙe hannunki, kin sani?"

Na ce na sani.

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa. Ya ce, "To, malama. A sauka lafiya."

Malama. Da zagina ya yi da na fi so.

Juma'a, 9 ga Agusta

Matar Baba ta rasu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na je gaisuwa na zauna can baya cikin mata, ba wanda ya san ni. An miƙo ruwa, na kasa karɓa.

Asabar, 17 ga Agusta

Likitan ya bugo yana neman bayanin farantin don rahotonsa. Mutumin kirki ne, bai ce min komai a kan rahoton farko da na aika masa ba. Ya ce yanzu su bakwai ne. Biyu sun rasu, ɗaya sai dai ya rayu a kan inji. Ukun ƙarshe a farkon watan nan aka kawo su.

Na buɗe baki in tambaya yaushe suka sayi shayin, a wane shago, kafin motar ranar Talata ko bayanta. Sai na ce masa na gode.

Katan arba'in suka fita. Talatin da ɗaya suka dawo.

Laraba, 28 ga Agusta

An sake buɗe kamfani. Mai sito ya bugo ya ce an ɗauki wani a wurina, kuma daga yanzu mai kaya a waje zai jira, ba ya shiga ɗakin tebur ko shi wane ne. An fitar da bencin. Ya ce shi ma an ja masa kunne. Baba ya ajiye aiki, ya koma wurin ɗansa.

Na wanke labulen gidan kaf, don in sami abin yi.

Asabar, 14 ga Satumba

Mama ta fara min magana, a kan abin da ba shi da nauyi, sabulu, wanki, wa ya bar famfo a buɗe. Yau ta ce Kawu ko ƙofar gida ba ya fitowa, kuma yana tambayata. Na ce zan je. Ba fushi nake yi ba, haka nake gaya mata, kuma ina jin gaskiya ne. Abin cewa ne kawai ba ni da shi.

Ta aike ni kasuwa in sayo waken da za ta kai masa. Na je wurin Inna mai wake, wadda muke saye a hannunta tun ina goye, kullum sai ta yi min gyara ta ce in gaida Mama. Muna cikin gaisawa, tana ba ni labarin jikarta da ta fara tafiya, sai na ji ta yi shiru. Ashe na naɗe hannun riga na cusa hannu cikin buhunta har gwiwar hannu, na ɗebo daga ƙasa na baza a tafi ina dubawa. Ban san na yi ba.

Ta ce, "Haba 'yata. Yau ni ce?"

Matan da ke gefe suka juyo.

Waken lafiya lau, ko ƙwaro ɗaya babu. Na ce ta auna min. Ta auna ba ta kalle ni ba, ba ta yi gyara ba, ba ta ce in gaida kowa ba.

Na tsaya riƙe da leda ina jiran kunyar ta zo, irin wadda takan sa kunnena zafi har in rasa inda zan sa ido. Na jira har Inna ta juya ga wani mai saye. Ba ta zo ba.

Na wuce wurin mai shinkafa.